An ba ni gurbin karatun gandun daji a jami'a: in karɓa ko in jira baɗi?

Tambaya: Malam, na nemi gurbin karatun haɗa magunguna, sai jami'a ta tura ni sashen kimiyyar gandun daji. Abokaina sai tsokanata suke yi, wai ƙarshenta in zama mai gadin itatuwa. Don Allah me ake koyarwa a wannan fanni, kuma wane aiki mutum ke samu in ya gama? In karɓa, ko in haƙura in sake zana JAMB baɗi?

Amsa: Ɗana, idan tsakani da Allah zuciyarka na kan haɗa magunguna, kuma makinka bai yi nisa da abin da ake nema ba, jiran shekara guda ba asara ba ce. Amma idan surutun abokai ne kawai ke sa ka ja da baya, to ka je ka yi rajista. Na daɗe a wannan aiki, kuma mafi yawan ɗaliban da suka bi ta hannuna ba su suka zaɓi fannin ba, turo su aka yi kamar yadda aka turo ka. Abin da ya raba waɗanda suka ci moriyarsa da waɗanda har yau suke yawo da takarda a ambulan shi ne abin da hannunsu ya iya a ranar da suka bar makaranta.

Fannin ba sabo ba ne a Nijeriya. Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe sashensa a 1963, kuma a Ibadan ɗin hedikwatar Cibiyar Binciken Gandun Daji ta ƙasa take, wadda aka fi sani da FRIN, mai tashoshin bincike a Kano da Samaru ta Zariya. Yau ana karanta shi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Bayero ta Kano, da Jami'ar Maiduguri, da Modibbo Adama ta Yola, da jami'o'in tarayya na Dutse da Dutsin-Ma, ban da na Makurɗi da Akure da Abekuta. Yawanci ana haɗa shi da kula da namun daji, kuma karatun shekara biyar ne. Ga mai shirin nema, a JAMB ana son Turanci da Kemistare da Bayoloji ko Noma, sai Fiziks ko Lissafi. Wanda bai samu jami'a ba yana iya bi ta kwalejojin FRIN: na Jos, da na Ibadan, da na Afaka a Kaduna mai koyar da injinan aikin daji, da na New Bussa mai koyar da kula da namun daji. Ɗaliban waɗannan kwalejoji sau da yawa sun fi 'yan jami'a iya aikin hannu, kuma mai hankali ba ya raina su.

Shekara biyun farko tare da ɗaliban noma za ka yi su: kimiyyar tsirrai, ƙasa, tattalin arziƙi, ƙididdiga. Daga shekara ta uku ake shiga daji sosai. Abin da kan ba sabon ɗalibi mamaki shi ne yawan lissafi. Ka ɗauki bishiya guda a gabanka. Ana auna kaurinta a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, daidai ƙirjin mutum, don masu awo su riƙa aunawa a wuri ɗaya. Sai ka ja da baya, ka saita ƙololuwarta da ƙaramar na'urar auna kusurwa, ka fitar da tsayinta ba tare da ka hau ba. Bishiya mai faɗin santimita 30 da tsayin mita 15, in ka rage saboda tsukewar da take yi can sama, za ta ba ka kimanin rabin kubik mita na itace. To ba za ka iya auna kowace bishiya a dajin hekta dubu ba, sai ka yanki ƙananan filaye na gwaji bisa ƙa'ida, ka auna duk abin da ke cikinsu, ka ƙiyasta sauran, sannan ka faɗi iyakar kuskuren da ƙiyasinka zai iya ɗauka. Da wannan lissafi ake sanin nawa daji ke ƙarawa a shekara, da nawa za a iya cirewa ba tare da an taɓa uwar kuɗi ba. Duk wanda ya tsani lissafi zai sha wuya a nan, gara ka sani tun yanzu.

Sai sanin iri da reno, wanda ni a wurina shi ne zuciyar karatun. Kowace bishiya da halinta. Irin darbejiya ba ya jure ajiya, in ya yi 'yan makonni a buhu yawancinsa ba zai tsiro ba, haka ma ƙwarar kaɗe. Irin gawo da bagaruwa kuwa ɓawonsu tauri gare shi, sai an jiƙa su a ruwan zafi ko an ɗan kankare gefe kafin ruwa ya shiga; shi ya sa kake ganin sun fi tsirowa inda awaki suka kwana, domin cikin dabba ya riga ya yi musu wannan aiki. Kaɗanya kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, amma in an yi mata aure da reshen babbar uwa, kamar yadda ake yi wa mangwaro, lokacin yana raguwa sosai. Za ka koyi haɗa ƙasar leda, da datse saiwar da ta huda ƙasan leda, da rage wa dashe ruwa da inuwa makonni kafin a kai shi fili don ya saba da wahala. Tazarar mita uku-uku tana cin dashe 1,111 a hekta, ta mita huɗu-huɗu 625. Irin waɗannan alƙaluma ya kamata su zauna maka a ka, domin da su ake yin kasafin aiki.

Akwai kimiyyar katako: yadda ake busar da shi, dalilin da ya sa yake tsagewa ko ya lanƙwashe, abin da ya sa azarar giginya ke gagarar gara, da abin da ya sa maƙera ke neman gawayin ƙirya. Akwai dokokin daji, da kashe gobarar daji, da taswira, da kiwon zuma. Akwai namun daji, daga giwayen Yankari zuwa birai masu kama da mutum na Gashaka Gumti da tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a fadamun Haɗeja da Nguru. Shekara ta huɗu kusan dukanta a fili ake yin ta. Wasu ɗalibai kan nemi ofishin da za a sa musu hannu a littafi su koma gida. Kada ka yi haka. Ka nemi inda za a sa ka cika leda, ka haƙa rami, ka bi iyakar gandu da ƙafa, domin wannan shekarar ce jarinka.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya fi komai muhimmanci a aikinmu na ƙasashen da hamada ke yi wa barazana. Kowace damina ana bikin dashen itatuwa, manya su zo su dasa, a ɗauki hoto. Ka koma wurin a watan Maris ka ƙirga abin da ya rage. Dasawa aikin yini guda ne. Rayawa kuwa aikin shekara uku ne na fama da akuya da gara da wuta da ƙishirwa, kuma ba ta yiwuwa sai mutanen wurin sun ga cewa bishiyar tasu ce.

Misalin da ya fi kowane ƙarfi yana nan kusa, a jihar Maraɗi ta Nijar. Bayan farin da aka yi a shekarun 1970 an kashe kuɗi mai yawa ana dasa itatuwa, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare tun da daɗewa, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara roƙon manoma su zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi a kowane kututture, su datse sauran, su kare waɗanda suka bari. Wannan shi ne sassabin zamani. Babu leda, babu ban ruwa, wuƙa ko lauje ya wadatar, kuma toho mai tsohuwar saiwa yana girma da saurin da dashe ba zai kamo shi ba. Amma dabarar ba ta yaɗu da gaske ba sai da manomi ya samu tabbacin cewa in ya raya gawo ko kalgo a gonarsa, malamin daji ba zai zo ya ci shi tara ba ranar da ya yanki reshe. Da aka sassauta wannan, daga baya kuma dokar daji ta 2004 ta ƙara wa manoma ƙarfi, sai abin ya bazu har Damagaram. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam, wanda masanin daji ɗan Nijar Mahamane Larwanou ke cikin waɗanda suka yi shi, ya ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Babu wani shirin dashe na gwamnati a yankinmu da ya kusanci wannan.

Ka lura da gawo musamman. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin naitorojin, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'ya a lokacin da ciyawa ta ƙare. Manoman Hausa sun san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Aikin mai digiri shi ne ya auna, ya san gawo nawa hekta ke ɗauka, ya kuma iya kare wannan hujja a gaban masu tsara manufa.

Haka batun katangar bishiyoyi mai tare iska. Akan ƙiyasta cewa tana kare gona har nisan da ya ninka tsayinta sau goma zuwa ashirin. A kwarin Majiya na jihar Tawa an fara jera layukan darbejiya a 1975 da taimakon ƙungiyar CARE, amfanin gona ya ƙaru, manoma kuma suka riƙa samun itacen gini in an yi wa layukan aski. A Yambawa kusa da Dambatta kuwa, inda aka yi katangar da itacen turare, saiwoyin sun riƙa shiga gonaki suna ƙwace wa gero ruwa, har masu bincike suka nuna cewa sai an haƙa rami a gefen katangar an datse saiwar kafin geron kusa ya yi kyau. Dabara iri ɗaya ce, amma zaɓin bishiya da kulawar bayan dashe suka bambanta sakamakon. Don irin wannan ake zaman shekara biyar a aji.

To, ina aikin yake? Zan gaya maka gaskiya: aikin gwamnati a wannan fanni ba shi da yawa. Dazuzzukan da aka keɓe na jihohi ne, ƙasa kuma tun dokar 1978 tana hannun gwamnoni, saboda haka ma'aikatun muhalli na jihohi ne asalin gidan malaman daji. Mai digiri kan fara a matakin albashi na 8. Jihohi da yawa sun daɗe ba su ɗauki sababbi yadda ya kamata ba, tsofaffi na ta ritaya, gandaye da dama sun zama gonaki ko filayen gidaje. A tarayya akwai FRIN da kwalejojinta ga mai son bincike da koyarwa, akwai hukumar gandayen namun daji ta ƙasa mai kula da irin su Gashaka Gumti da Tafkin Kainji da Kamuku, wadda aikinta na kaki ne, sai hukumar Babbar Katangar Bishiyoyi da aka kafa da doka a 2015, mai aiki a jihohi 11 daga Kebbi zuwa Borno da Adamawa. Katangar shiri ne na Tarayyar Afirka tun 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, da burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030, kuma har yanzu da sauran tafiya mai nisa. Sai shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace mai suna ACReSAL, da Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 700 a ƙarshen 2021, domin jihohin Arewa 19 da Abuja. Irin waɗannan shirye-shirye na wa'adi ne, aikinsu na kwantiragi, kuma wanda ya iya taswira da ƙididdiga da rubuta rahoto suke nema. A Nijar ma'aikatan ruwa da dazuzzuka masu kaki ne, ana horar da su a makarantar Kollo da tsangayoyin noma na jami'o'in Yamai da Maraɗi.

Akwai abubuwa biyu masu nauyi da ba zan ɓoye maka ba. Na farko tsaro. Kamuku da Rugu da Sambisa sunaye ne da a da muke jin su a darasin gandun daji, yau a labaran 'yan bindiga ake jin su, kuma akwai ma'aikatan da suka rasa rayukansu a bakin aiki. Dajin da hukuma ta janye ƙafarta daga cikinsa wani ne zai shiga, wannan kuwa na cikin dalilan da suka sa ƙasar ke buƙatar mutane irinka, amma ka shiga da idonka a buɗe. Na biyu amana. A shekarun 2010 an yi wa madobiya wawaso a Taraba da Kogi da maƙwabtansu ana lodin ta zuwa Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ke sa wa ido daga 2017, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018. Kowace mota da ta fita da gungumen nan ta wuce ta gaban wani mai riƙe da biro da hatimi. Wata rana kai ne za ka riƙe su, za a kuma ajiye maka abin da ya fi albashinka na shekara. Ka yanke shawarar abin da za ka yi tun kana ɗalibi.

Inda na fi ganin ɗalibaina sun tsaya da ƙafarsu shi ne a sana'ar kansu, ba a aikin gwamnati ba. Gandun renon dashe shi ne mafi sauƙin farawa: ɗan fili kusa da ruwa, leda, taki, iri mai kyau, da haƙuri. Duk wani shirin dashe, na gwamnati ko na ƙungiya ko na mai gidan gona, sai ya sayi dashe, kuma mai iya auren mangwaro da lemo da gwaiba, wanda in ya ce maka iri kaza ne to shi ne, ba ya rasa masu saye. Wanda ya ƙara da cewa zai dasa ya kuma raya har shekara biyu, a biya shi bisa abin da ya rayu, ya fi kowa kasuwa, domin mutane sun gaji da sayen dashen da ke mutuwa.

Sai ƙaro. Dakwara ce ke ba da mafi daraja, tana fara bayarwa tana shekara huɗu zuwa biyar. Ana ɗaye ɓawon reshe bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da ganye ya fara zuba, a dawo bayan kamar wata guda a tsinci ƙwallayen da suka daskare. Ƙaron da almajiri ke sa wa tawada shi ne kamfanonin lemon kwalba da alewa ke nema, kuma tunda kana son haɗa magunguna, ka sani da shi ake ɗaure wasu ƙwayoyin magani. Sudan ce kan gaba a duniya, sai Chadi da Nijeriya, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 kuma ya sa masu saye na waiwayen wasu wurare. Yobe da Borno da Jigawa ƙasar dakwara ce, akwai ma tashar bincikenta a Gashuwa. Abin da ke karya farashin namu shi ne gauraya iri da datti, gyaran wannan kuwa aikin mai ilmi ne. Haka man kaɗe, da kalwa, da garin kuka, da zuma.

Itacen girki da gawayi ma kada ka ɗauke su abin ƙyama kawai. Yawancin gidajenmu da su suke dafa abinci, kuma hani ba ya sa tukunya ta tafasa. A ramin gawayi na gargajiya akan ƙona kilo biyar zuwa goma na itace kafin a samu kilo guda. Mai dasa gonar itace ta musamman domin sara, ko mai gyara hanyar ƙonawa, yana samun kuɗi yana kuma rage wa daji nauyi. Akwai aikin tantance illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a gina hanya ko madatsar ruwa. Akwai kuma cinikin kabon, wato biyan mai raya itatuwa bisa kabon da suka zuƙe daga iska, da ake ta magana a kai tun bayan dokar sauyin yanayi ta 2021: kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, saboda haka awon nan na mita 1.3 shi ne tushen lissafin. Harkar tana da 'yan damfara da yawa, amma ta gaskiyar ba ta yiwuwa sai da mai iya awo.

Saboda haka in ka shiga, ka koyi abin da jadawalin aji ba zai ba ka isasshe ba. Ka iya manhajar taswira ta QGIS, kyauta ake sauke ta, ka iya karanta hoton tauraron ɗan'adam, ka ɗauki iyakar fili da GPS ɗin wayarka ka mai da ita taswira. Ka iya Excel sosai, in da hali ka taɓa manhajar ƙididdiga ta R. Ka gyara rubutun Turancinka, ka kuma koyi Faransanci ko kaɗan ne, domin rabin ilmin dazuzzukan Sahel da shi aka rubuta. Ka san itatuwa da sunayensu na Hausa da na Fulatanci da na kimiyya. Tsofaffin mafarauta da makiyaya da mata masu tsintar kaɗe za su koya maka abin da babu a laburare, in ka durƙusa ka gaishe su yadda ya dace. Binciken shekarar ƙarshe kuma ka yi shi a kan abin da za ka auna da hannunka, kamar yawan dashen da ya rayu a wani shiri bayan shekara uku, maimakon raba takardun tambayoyi. Da irin wannan bincike ake neman digiri na biyu a Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, ko tallafin karatu na DAAD a Jamus da na Commonwealth. 'Yan mata masu karanta wannan su ma fannin nasu ne: yawancin masu tara kaɗe da kalwa da itacen girki mata ne, kuma a garuruwa da yawa mace ce kaɗai za ta iya shiga gida ta zauna da su.

Kafin ka biya kuɗin rajista, ka je sashen da ƙafarka. Ka tambaya ko hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta tantance kwas ɗin, ka nemi a nuna maka gandun renonsu da filin gwajinsu, ka tambayi 'yan aji huɗu inda aka kai su aikin fili bana. Daga nan ka nemi mai renon dashe a garinku ka roƙe shi ya bar ka ka yi masa aiki na mako guda, daga ban ruwan asuba har na yamma. In ka gama makon kana son sanin dalilin da ya sa wannan layi ya tsiro wancan ya ƙi, ka karɓi gurbinka. In kuwa kullum agogo kake dubawa, ka sayi fom ɗin JAMB ka koma ga littattafanka. Allah Ya yi maka zaɓi mafi alheri.